Sana'ar Da Ba Ta Da Suna A Zango

A zango kowace sana'a da sunanta, kuma sunan ne ke gaya maka inda abincin mai ita yake fitowa. In an ce mahauci, ka san tun asuba yana mayanka. In an ce wanzami, ko tela, ko direban tirela, ko dillalin shanu, ko mai koko, ba sai an yi maka ƙarin bayani ba. Hatta mu malaman makaranta, da ake yi wa ba'a cewa ladanmu yana lahira, an san dai ƙarshen wata muke jira. To, a 'yan shekarun nan wata sana'a ta ɓullo a tsakanin samarinmu da 'yan matanmu, wadda har yau Hausa ba ta raɗa mata suna ba. Masu yin ta suna kiran kansu kocin lafiya, watau sun aro sunan mai horar da 'yan ƙwallo ke nan. Aikinsu, in ji su, shi ne su koya wa mutum yadda zai ci, ya sha, ya motsa jiki, ya yi barci, domin kada ya kai ga kwanciya a gadon asibiti.

Dattawa in sun ji haka sai su yi dariya, su ce yaushe cin tuwo ya zama abin da ake biyan kuɗin koyo. Ni dai ban yi dariya ba, domin fiye da shekara 20 ke nan ina koyarwa a nan Kumasi, tun da na fito daga kwalejin horon malamai ta Bagabaga a Tamale, kuma masu shiga wannan sana'a yarana ne, a gabana suka koyi riƙe fensir. Cikin shekara biyu kacal, huɗu daga cikin tsofaffin ɗalibaina sun zo mini da maganar, uku maza da mace ɗaya. Ko wannensu ya gama sakandare, ko wannensu ya gaji da zaman jiran aiki.

Kafin mutum ya ba yaro shawara a kan sana'a, ya kamata ya fara duba ko akwai masu bukatarta. A nan kam ba sai an yi dogon bincike ba. Mai karatu, ka ƙirga jana'izar da ka halarta bana a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango, sa'an nan ka ware waɗanda aka ce maka lafiyarsu ƙalau suka shiga kewaye suka faɗi. Ka ƙirga gidajen da ke da mai shanyewar ɓarin jiki a kwance, ana juya shi safe da yamma. Da yawa ba tsofaffi ba ne, sa'o'ina ne. Wasu a ce jifa ne, wasu a ce iska ta buge su, amma in an kai su asibitin Komfo Anokye, wanda mu mutanen gari muke kira Ji, sunan da likita zai faɗa bai cika wuce biyu ba: hawan jini ko ciwon sukari. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan a 2022 ya nuna cewa rabin matan da ke tsakanin shekara 20 da 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Wannan lissafin na ƙasa baki ɗaya ne, amma duk wanda ya je biki a zango ya san ba mu ne muka rage shi ba.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kakanninmu fatake ne. Da ƙafa suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna kora jakuna wata da watanni har Salaga, su sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro su koma. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawansu suka watsu, aka samu waɗanda suka gangaro kudu suka kafa zangunan da muke ciki. Abincin da suka bar mana na matafiyi ne da ɗan dako: tuwon zafi, wake da shinkafa, fura, koko da ƙosai. Abinci ne na wanda zai yini yana zufa. Mu kuwa mun riƙe kwanon kamar yadda yake, har mun ƙara masa taliya da gari da soyayyen nama, amma tafiyar mun bar ta. Daga ƙofar gida zuwa Kejetia sai mutum ya tsaya jiran keken faragiya, ko da kuwa cunkoso zai sa mai ƙafa ya riga shi isa.

Saboda haka bukata akwai ta. Abin tambaya shi ne ko bukatar tana iya ciyar da mai biya ta, kuma ta wace hanya.

Samarin nan uku duk ƙofa ɗaya suka bi. Wani aboki ya gayyace su taro a wani otal, aka nuna musu hotunan motoci da mutane suna hutawa a bakin teku, aka ce su ma jakadun lafiya ne daga yau, in dai sun sayi jakar kaya ta farko. A cikin jakar akwai shayin rage teɓa, da garin da ake kaɗawa a sha a madadin abinci, da ƙwayoyin wanke jini. Ribar gaske kuwa ba a sayar da kayan take ba, tana wajen kawo wasu mutane su ma su sayi jaka. Ni malamin lissafi ne, saboda haka na zaunar da ɗayansu na ce ya ɗauki alli. In kowa zai kawo mutum 5, su ma kowa ya kawo 5, a hawa na 11 ana bukatar mutum sama da miliyan 48, alhali ƙidayar 2021 ta ce duk ƙasar nan ba mu kai miliyan 31 ba. Ya daɗe yana duban allon. Kuɗin jakar kuwa na mahaifiyarsa ne, na adashin da ta yi shekara tana zubi.

Asarar kuɗin ba ita ta fi damuna ba. Shayin rage teɓa da yawa ba kome ne a ciki ba illa ganyen da ke sa gudawa, dangin filaskon da kakanninmu suka sani. Mutum ya kwana yana zarya, da safe sikeli ya nuna ya ragu, alhali ruwan jikinsa ne ya zube, kitsen na nan inda yake. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, ka riƙe wani ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya, sai ta fito da takarda wai ta duba hantarka da ƙodarka da ƙashinka. Ban taɓa jin wanda ta ce masa lafiyarsa lau ba, kuma duk cutar da ta gano, maganinta yana cikin jakar mai na'urar. Mafi muni, na san wata baiwar Allah a layinmu da aka ce ta ajiye ƙwayar hawan jininta, wai maganin asibiti guba ne, ta koma shan gari. Wata uku aka yi. Yanzu 'yarta ce ke ba ta abinci a baki.

Yaran nan ba mugaye ba ne. An ba su sunan koci, ba a ba su ilmin ba, kuma an ɗaura cikinsu a jikin kwalba. Wanda abincinsa ke fitowa daga kwalba ba zai iya ce maka ba ka bukatar kwalba ba.

Ita yarinyar wata hanya ta bi, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Ta riga ta yi karatun abinci mai gina jiki a kwalejin lafiya ta Kintampo, ta yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya a wani ƙaramin asibiti, ta dawo gida tana jiran a ɗauke ta aiki. Jiran ya yi tsawo. Sai ta ce ba za ta zauna ilmin ya ruɓe ba, za ta fara tara mata tana koya musu. Mahaifinta, dattijo ne dillalin shanu, ya ce sam. Ta zo ta same ni a makaranta ta ce, "Malam, Baba yana jin maganarka. Don Allah ka je ka yi masa bayani."

Na je bayan la'asar. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Malam, ni ban hana ta aiki ba. Da nas ce, da na san abin da zan gaya wa mutane. To, wannan in an tambaye ni me 'yarka take yi, in ce me? In ce tana sa matan aure tsalle-tsalle?"

Na ce, "Alhaji, ka ce malama ce. Ni ina koyar da lissafi, ita tana koyar da yadda za a zauna lafiya."

Ya yi shiru, can ya ce, "To, wa zai biya ta? Kai gwamnati ke biyanka."

Wannan tambaya ta Alhaji ita ce gaba ɗayan maganar, kuma zan dawo kanta. Amma amsar da na ba shi ta farko ba don in lallashe shi na faɗa ba. Haka na ɗauki abin. Sana'ar nan koyarwa ce, kuma duk abin da aka horar da mu a kai a kwaleji ya shafe ta. An koya mana cewa a fara daga abin da yaro ya sani a tafi zuwa wanda bai sani ba. An koya mana cewa darasi ɗaya manufa ɗaya. An koya mana cewa in ka faɗa sau ɗaya ba ka koyar ba tukuna. Ilmin da talaka yake bukata don ya tsare jikinsa ba shi da yawa, a bayan ambulan ma sai a rubuta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Ta ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 a yini, sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, in ya ragu ma ya fi. Gwamnatinmu ta fitar da nata jagoran cin abinci a 2023, a shekarar kuma ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemon kwalba masu zaƙi. Duk wannan a rubuce yake. Wahalar tana wajen ɗauko shi daga takarda a kai shi bakin murhu.

A nan ne na ga gwanintar yarinyar. Ba ta taɓa ce wa kowa ya bar tuwo ba, domin ta san ranar da ta faɗi haka ranar za a daina zuwa. Abin da take cewa shi ne a rage malmala a ƙara miya, ayoyo ko kuka ko kuɓewa. Ta kawo dunƙulen ɗanɗanon nan na kanti, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ta tambayi kowace mace guda nawa take jefawa a tukunya. Mai cewa huɗu, mai cewa shida, ga kuma gishirin kansa, ga busasshen kifin gishiri. Ba ta ce a daina ba. Ta ce wannan makon a cire ɗaya a ƙara daddawa, a ga ko maigida zai lura. Da aka dawo aka ce bai lura ba, ta ce to a cire na biyu. Ranar darasin sukari kuwa ta zo da gwangwanin lemo da kofin gilashi, ta auna cokali takwas na sukari a ciki a gabansu ta ce wa zai iya shanye wannan. Sa'an nan ta juya kan kokon safe da zoɓo da burkina, waɗanda muke ganin namu ne don haka ba su da laifi. Ni da na yi shekaru ina duba darasin ɗalibai masu koyon koyarwa, da na ba ta maki mai kyau.

Motsa jikin ma sai da ta yi masa dabara. Ƙasar nan ba baƙuwar ƙungiyoyin motsa jiki ba ce. Duk safiyar Asabar ko Lahadi za ka gan su a titi da riguna iri ɗaya, wani lokaci har da 'yan badujala, in an gama kuma a zarce wajen mai tuwon shinkafa a mayar da abin da aka zubar har da riba. Amma matar zango mai 'ya'ya biyar ba za ta sa wando ta bi titi da gudu ba, mijinta ma ba zai yarda ba, kuma ba laifinsu ba ne. Sai yarinyar ta roƙi shugaban makarantarmu aron fili, da yake katanga ta kewaye shi. Bayan sallar asuba, kafin yara su fara zuwa, mata suna zagaya filin da hijabansu da silifas, suna tafe suna hira. Ranar farko su bakwai ne. Yanzu in na iso da wuri nakan tsaya a waje sai sun fito.

Akwai wani abu da ya fi gishiri wuyar cirewa. A wurinmu ƙiba shaida ce. Amarya in ta yi wata shida ba ta cika ba, dangi za su fara tambaya ko lafiya, ko mijin ba ya riƙe ta da kyau. Har akwai masu sayen ƙwayoyin sa ƙiba a kasuwa, waɗanda wasunsu maganin wata cuta ne dabam, suna kumbura fuska suna tayar da sukari da hawan jini. Mai takardar shaida daga waje ba zai san ta inda zai ɓullo wa wannan ba. Ita kuwa ba ta ambaci kyau ko muni ba ko sau ɗaya. Gwiwa take tambaya. Wa ke iya yin sujada ba tare da ta dafa bango ba? Wa ta koma yin salla a kan kujera tun ba ta kai hamsin ba? Nan take ɗakin yake yin tsit.

Abin da ya sa na amince da ita har na sa bakina a wajen mahaifinta shi ne ta san iyakarta. Tana da na'urar awon jini ta hannu da littafi mai layi. In ta auna mace ta ga 140 bisa 90 ko fiye, ta sake aunawa wata rana ta ga haka, sai ta rubuta a takarda ta ce a kai asibiti. In ya kai 180 bisa 120, ba a jira gobe. Ba ta rubuta magani, ba ta cewa a ƙara, ba ta cewa a rage, balle a daina. Da azumi ya matso, masu ciwon sukari suka dame ta da tambaya, ta ce wannan hukuncin likita ne da malamai, su je tun da sauran makonni a daidaita musu magani. Doka ma haka ta tsara. Tun 2013 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa ma'aikatan lafiya irin su masana abinci rajista, kuma mai tsara wa majiyyaci abinci a matsayin magani sai ya yi karatun ya samu lasisi. Duk abin da aka ɗura a kwalba aka ce yana warkarwa kuwa, sai Hukumar Abinci da Magunguna ta yi masa rajista. Takardar da yaro zai samu ta intanet bayan mako shida, ya biya da dala, ba ta ba shi izinin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mai son ya shiga da ƙafar dama, ƙofofin suna nan. Ban da Kintampo, akwai jami'ar kimiyyar lafiya da ke Ho, wadda aka kafa da dokar 2011, akwai Jami'ar Gana da ke koyar da ilmin tsara abinci, akwai kuma jami'ar horon malamai ta Winneba ga mai son fannin motsa jiki. Hanya ce mai tsawo da tsada, na sani, kuma ba kowane gida ne zai iya ba.

Yanzu sai tambayar Alhaji. Ba yau aka fara tunanin nan ba. Lokacin da marigayi Manjo Courage Quashigah yake ministan lafiya, daga 2005 zuwa 2009, ya yi ta yekuwar a sha ruwa, a ci ganye, a motsa jiki, a huta, har aka horar da mutane a gundumomi don su yaɗa saƙon. Maganarsa gaskiya ce, amma yekuwa ba ta zama sana'a sai an samu mai biya. Inshorar lafiya da aka kafa a 2003 tana biyan ganin likita da magunguna da dama bayan mutum ya kamu. Wanda ya hana shi kamuwa kuwa ba shi da layi a takardar. Mutanenmu ma haka suke. Mutum zai ba da sidi 300 a kan kwalbar da zai riƙe a hannu, amma ya ba da sidi 10 a kan shawara sai ya ga kamar an cuce shi, domin a zango shawara kyauta ce, kowa ma yana da ita.

Yadda ta warware abin bai sa ta yi arziki ba, kuma ba na so wani yaro ya karanta wannan ya ɗauka akwai mota a ciki. Matan filin makaranta suna zuba ɗan abin da ba zai gagare su ba duk mako, ta hannun uwar adashinsu, domin kuɗin da aka haɗa da zubi ba a mantawa da shi. Wannan yana sayen batir da kuɗin mota ne kawai. Abin da ke riƙe ta yana fitowa daga wancan ɓangaren gari, wajen ma'aikatan ofis da matan 'yan kasuwa a Ahodwo da Nhyiaeso, waɗanda likita ya riga ya tsorata su, suke biyan ta duk wata ta bi su da awo da tsarin cefane. Wata makarantar kuɗi kuma ta ɗauke ta ta duba abincin ɗalibai. Da Turanci da Asantanci take samun kuɗi, da Hausa take yin aikin da ya kai ta ga sana'ar. Har yau takardarta ta neman aikin gwamnati tana nan a ajiye, kuma na ce mata kada ta janye. Sau biyu masu jaka suna zuwa su ce ta riƙa nuna kayansu ga matan nan a ba ta kaso, da yake ta tara musu kasuwa a wuri ɗaya. Kason ya fi abin da take samu a wata. Ta ƙi. Ban san sau nawa mutum zai iya ƙin irin wannan ba in haya ta taso, shi ya sa nake ganin masu hali a cikinmu, da ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin yayin biki, ya kamata su ɗauki nauyin irin wannan aji kamar yadda ake ɗaukar nauyin malamin makarantar dare.

Alhaji dai ya yarda, bisa sharaɗin ba za ta shiga gidan kowa ita kaɗai ba. Har ya miƙa hannu ta auna shi, ko da yake ya ce kada ta faɗa wa iyayenta mata abin da ta gani.

Inda abin ya tsaya cik shi ne wajen maza. Su ne suka fi faɗuwa ba zato, su ne kuma ba sa zuwa awo. Suna majalisa daga magariba har sha biyun dare, ana zuba shayi zagaye uku, kowane zagaye da sukarinsa, ga tsire ga hayaƙi. Ba za su zauna 'yar cikinsu ta koya musu cin abinci ba, ita ma ba za ta je majalisar maza ba. Wurin yana bukatar namiji, ɗan unguwa, mai bakin da za a saurara. Yaron nan da na sa ya yi lissafi a allo yana da bakin, domin wanda ya iya sayar wa mahauci garin da zai maye masa nama ba ƙaramin mai magana ba ne. Sakamakonsa na kimiyya ma ba laifi. Na aika a gaya masa ya zo ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko, ya taho da takardun jarrabawarsa, mu duba abin da Winneba take nema.